Mita Huɗu Daga Filin Makaranta

Nura, ajiye wayar nan ka saurare ni, tunda kai ne ka ce aikina tsayuwa ce kawai. Jiya ka wuce a mota ka hango ni a bakin titi riƙe da sanda, yau ka zo wurin shayi kana ba mutane dariya, wai Baba Haruna shekara da shekaru ana biyansa albashi don ya ƙame kamar soja. To na ji. Ka bari zafi ya kankama, ka same ni da azahar in miƙa maka sandar, ka tsaya min minti goma ba tare da ɗigon ruwan da ke jikinta ya bar tsakiya ba. In ka iya, shayinka na wata guda a wuyana. Ku sauran ku zama shaida.

Ni mai riƙe wa massahi sanda ne. Massahi shi ne mai awon fili. Shi yana tsaye bayan na'urarsa mai ƙafa uku, ni ina can nesa da sanda mai madubi a kai, yana leƙe yana ce min dama, hagu, baya kaɗan. Inda ya ce nan ne, nan nake buga turke. Kayana ba su da yawa: guduma, guntayen rodi da nake yankawa da kaina, gwangwanin jan fenti, tef na mita hamsin, da tsumma mai kauri, don rodin da ya sha ranar Riyadh in ka kama shi da tsurar hannu sai ka kira sunan kakarka. Massahi ne ke sa hannu a takarda, amma takarda a durowa take kwana. Abin da magini ke gani a fili turkena ne, kuma a kansa yake ɗora bulo.

Wanda ya koya min aiki wani ɗan Sudan ne, Ustaz Babikir, dogo, mai furfura a gemu, ba ya dariya sai ta zama dole. Wata shida na farko bai bar ni na taɓa sanda ba. Laima nake riƙewa. Kada ku ɗauka shi nake yi wa inuwa, ko ni. Na'ura ake yi wa, don in ta yi zafi sai ta fara ƙarya. Mu biyu muna gasuwa, ƙarfe yana hutawa a inuwa. Ranar da ya fara ba ni guduma a wani fili a unguwar Ulaya, na buga turke na ja baya ina jiran yabo. Ya zo ya duƙa, ya ɗora babban yatsansa a gefen rodin ya ce, "Ya Harun, kansa yana daidai, gindinsa ya kauce faɗin yatsa. Ka ja wannan yatsa tun daga nan har ƙarshen fili, ka tambayi kuɗin mita a wannan titi, sannan ka gaya min shekara nawa za ka yi kana biya." Na cire turken na sake bugawa har sau biyar.

A wannan aiki na gane cewa ƙasa ba ita ke da kuɗi ba, maƙwabtanta ne. Rairayi ɗaya ne daga nan har bakin duniya. Amma masu ƙiyasin kuɗin fili in sun karɓi takardarmu, abin da suke dubawa shi ne faɗin titin da ke gabansa, ko yana kan kwana, ko ruwa da wuta sun iso, da nisan masallaci da makaranta. Makaranta tana ɗaga unguwa sosai. Abin dariyar shi ne, in unguwa ta ɗagu kafin a gina makarantar, hukuma kan zo neman fili ta tarar kuɗin ƙasa ya yi tashin gwauron zabi, sai ta kama hayar gidan wani a zuba yara a ciki. Na taɓa auna irin wannan gida a unguwar Suwaidi. 'Yan aji uku a kicin suke, allonsu a bangon da aka taɓa rataye tukwane, malaminsu kuma in zai juya sai ya nemi izinin ƙofa. Shi ya sa a sabuwar unguwa ake ware filin makaranta tun a takarda, ya zauna fayau shekara da shekaru yana jiran kuɗin gini, maƙwabta suna kallonsa kamar naman da aka bari babu murfi.

Wani aiki da muka yi a bakin Suwaidi, fili ne na wani attajiri mai sayar da darduma, ana ce masa Abu Nayif. Gajere ne mai tumbi, ga fara'a, ga son a yabe shi. Filinsa ya haɗa iyaka da filin makarantar da aka ware wa yaran nan na kicin, tsawon iyakar mita ɗari cif. Takardar mallakarsa irin ta da ce, rubutun hannu, wadda ke cewa daga itaciya kaza zuwa tarin duwatsu kaza, alhali itaciyar ta daɗe da zama toka. Ya shimfiɗa darduma a inuwar motarsa, ga gahawa ga dabino, yana kallonmu tun hantsi. Da muka gama, Ustaz ya ce masa filin mita dubu tara da ɗari takwas ne.

Sai fara'ar ta ɗauke. Ba wai ɗari biyun za su sa shi talauci ba. So yake in ya zauna a majalisar abokansa ya ce "ina da goma a Suwaidi", bakinsa ya cika. Ya bari Ustaz ya tafi haɗa na'ura, ya yafito ni da hannu, ya cika min tafi da dabino.

"Ya Harun, na ga kana shan wahala da gudumar nan. Ka matsa can wajen makaranta taku huɗu, ƙasar can ta fi laushi."

Na ce, "Allah ya ja da ranka, ƙasa mai laushi ba ta riƙe turke."

Ya yi dariya, na yi dariya, na cinye dabinon, na buga turakuna inda Ustaz ya ce.

Bayan shekara uku aka shiga shekarar da har yau ba na son tunawa. Hukuma ta sa haraji a kan manyan filayen da aka ajiye a cikin gari ba a gina ba. Kashi biyu da rabi cikin ɗari na kuɗin fili duk shekara, daidai da zakka, sai dai wannan babu lada. An ce da kuɗin za a gina wa mutane gidaje, a kai ruwa da wuta. Aka fara da filin da ya kai mita dubu goma. Kasuwa ta tsaya cak. Mai saye ya ce bari kuɗi ya faɗo, mai sayarwa ya ce bari dokar ta mutu, mu da muke ci a tsakaninsu muka zauna muna kallon wayar ofis. Daga mu goma sha ɗaya muka koma huɗu. 'Yan tsirarun da ke zuwa kuma wani sabon abu suka zo da shi. Tun da na fara aiki, kowa roƙona yake filinsa ya ƙaru. A shekarar nan na ga dattijo da rawani yana roƙon Ustaz ya sake dubawa ko Allah zai sa filinsa ya ragu.

Ana cikin haka kuɗin ginin makarantar ya fito. Ɗan kwangila ya ciwo bashin banki, ya yi hayar injina, ya zo zai ja layin tushe, sai zanen ginin ya ƙi zama a filin. Faɗi ya gaza da mita huɗu. Aka kira ofishinmu tunda mu muka yi awon farko. Muka je muka tarar Abu Nayif ya zagaye filinsa da katangar bulo, har da ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Ustaz ya kafa na'ura ya leƙa, ya sake leƙawa, ya ce katangar tana cikin filin makaranta da mita huɗu tun daga wannan kai har wancan. A gindin katangar kuwa ga turakuna a tsaye. Rodina ne, fentina ne, har yankan da nake yi a karkace. Ba na musun ɗana in na gan shi.

Abu Nayif ya zo yana kaɗa carbi, ya ce shi a kan turakunmu ya yi gini. In da kuskure, na ofis ne, ofis ya biya kuɗin rushewa da asarar ɗan kwangila. Ya ƙara da cewa a ganinsa ma babu kuskure, tarin duwatsun da tsohuwar takardarsa ta ambata daidai nan yake, kuma tuni ya rubuta wa hukuma a gyara masa takarda ta koma dubu goma da ɗari biyu.

Mudir, wato mai ofishinmu, ya kira ni ofishinsa, bai ce in zauna ba. Ya ce kwamiti daga baladiyya, hukumar gari, zai zo filin ranar Alhamis ta sama. In suka ce turke ne aka buga ba daidai ba, ofis zai faɗi hannun da ya buga. Iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, saura mako shida ta ƙare, kuma ya gaya min ɓaro-ɓaro cewa ba sabuntawa zai yi ba, takardar fita ce babu dawowa. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Ina da mata da 'ya'ya biyar a gida, ga gini na kai linta na tsaya. Ustaz Babikir ya yarda da ni, amma ya ce, "Na'ura ta san inda iyaka take, ya Harun. Ba ta san wanda ya taɓa turke ba."

To akwai abin da Ustaz bai sani ba, don ban taɓa yi a gabansa ba, kunyar kada ya ce ƙauyanci ne. Mahaifina a ƙauyenmu na ƙasar Gumel shi mai gari ke aikawa in an yi rikicin iyakar gona. In ya raba, kafin ya dasa gamba sai ya haƙa rami kamu ɗaya ya zuba gawayi ya binne. Yana cewa ciyawa a iya tuge ta, dutse a iya gangara shi, amma gawayi ba ya ruɓewa kuma ɓarawon iyaka ba ya tunanin duba ƙasa. Ni ma duk filin da na ga mai shi yana yawan ba ni dabino, in Ustaz ya juya baya sai in ɗebo gawayin da muke dafa shayi da shi in binne a gindin turke. A filin Abu Nayif wuri uku na binne, kai biyu da tsakiya.

Sai dai shaidata tana bayan katangarsa, cikin kwaɗonsa. In ya ji labari, rabin yini ya ishi katafila ta kankare wurin. In kuma na jira ranar kwamiti na tona shi a gaban jama'a, na ci shari'a na rasa gari, don shi da mai ofishinmu majalisarsu ɗaya. Baƙo ba ya kunyata ɗan gari ya kwana lafiya. Faɗan da ya fi ƙarfinka kuwa, an ce ka mai da shi wasa.

Ranar Asabar na sa farar jallabiyata na je shagonsa na darduma. Yana zaune bayan tebur, ya gan ni ya ɗaure fuska. Na gaishe shi gaisuwa mai tsawo, na tambayi ɗansa Nayif da ƙannensa, sannan na ce na zo ne in yi masa barka kafin a kore ni.

"Barkar me?"

"Ai ka cika goma har da ɗoriya, Allah ya ja da ranka. A ofis na ji ana cewa daga dubu goma sabon harajin yake farawa. Ka shiga sahun manya ke nan. Ni da na zaci a kan ɗari biyun da suka hau za a ɗauka, ashe a kan filin ne gaba ɗaya, kuma duk shekara. Ga shi in makaranta ta tashi a jikinka masu ƙiyasi za su ƙara wa mitarka daraja, harajin ma ya bi ta. Arziki dai ya ci uban na da."

Ya jawo na'urar lissafin da yake yi wa masu sayen darduma ciniki da ita, ya danna, ya goge, ya sake dannawa. Wasiƙar nan ya rubuta ta tun kafin dokar ta fito, kuma zafin rigima da ɗan kwangila ya hana shi haɗa biyu da biyu. Na zauna ina kallon wata darduma mai zanen ɗawisu har gahawarsa ta huce.

Can ya ce, "Ya Harun, anya turakun nan a wurinsu suke?"

"Ni ma abin da ke hana ni barci ke nan."

"To sai in janye wasiƙata, in ce ofishinku ne ya ruɗe ni."

Na ce, "Kana iya yi. Sai dai in aka ce ofis ya yi kuskure, awon farko ya mutu ke nan da dubu tara da ɗari takwas ɗinsa. Za su koma kan tsohuwar takardarka, kai kuma da hannunka ka rubuta musu inda tarin duwatsu yake. Amma da za a gane cewa awon farko daidai ne, turakun ne suka yi tafiya daga baya, shi ke nan takardar farko ta tsaya."

Ya zuba min ido. "Turke yana tafiya?"

"Sosai ma. Masu tifa in sun zo juye ƙasa ba sa duba baya. Su ture turke, wani lebura ya tsinta ya kafa inda ya ga dama. Mai fili yana shagonsa, ina zai sani?"

Na ga fuskarsa tana warwarewa a hankali. Ya ce masu tifar nan dama ba su da tsoron Allah. Na ce ko kaɗan. Ya ce amma wa zai nuna wa kwamiti inda turakun suke da farko? A nan na ba shi labarin mahaifina da gawayi. Ya saurara har ƙarshe, bai yi dariya ba, ya miƙo min farantin dabino, sannan ya janye shi kafin in ɗauka.

Ranar Alhamis shi da kansa ya buɗe kwaɗon. Mutum uku na kwamiti, da ɗan kwangila, da mudir, duk suka shigo. Ustaz ya kafa na'ura, na ɗauki sanda, dama, hagu, baya kaɗan, nan ne. Na ajiye sanda na ɗauki shebur. Kamu ɗaya na haƙa sai ga baƙi ya fito cikin jan rairayi. Muka je tsakiya, haka. Muka je ɗaya kan, haka. Abu Nayif ya ɗaga hannu sama ya shiga tsine wa masu tifa, su da masu ba su lasisi, har sai da shugaban kwamiti ya ba shi haƙuri. Sannan ya dafa ƙirji ya ce shi ba zai ci taƙi ɗaya na 'ya'yan Musulmi ba, da kuɗinsa zai rushe katangar, kuma zai shimfiɗa wa masallacin makarantar darduma kyauta. Shugaban kwamiti ya rungume shi ya ce da ana samun irinsa da yawa da gari ya gyaru. Ustaz Babikir ya kifa kai a kan na'ura yana wani tari mai tsawo. A shekarun da na yi da shi, ranar ce kaɗai na ga kafaɗunsa suna rawa.

Aka rushe katanga, aka gina makaranta, yaran suka fito daga kicin. In kun bi ta wajen da safe za ku ji su, sun fi kasuwar Bataha hayaniya.

Ni kuwa wanke ni da aka yi bai cika aljihun ofis ba. Mudir ya ce ya ji daɗi, ba ni da laifi, amma ofis rufewa zai yi, babu kuɗin sabunta iƙamar kowa. In nemi wani ubangida da zai karɓi kafalata, ya tsaya min a wurin hukuma, in ban samu ba in haɗa kaya. Na zaga Ulaya ofis-ofis, kowa korar nasa yake yi. Saura kwana goma sha biyu sai ga saƙo, Abu Nayif yana nemana.

Na same shi a shago shi kaɗai. Ya sa na rufe ƙofa. Ya ce, "Ofishinku filayena nawa ya auna?"

Na ce biyar, har da na Suwaidi.

Ya juya carbinsa sau biyu. "Sauran huɗun, duk ka binne musu abin nan naka?"

Ku ji gaskiya, samari. Biyu daga ciki ina hutu a gida aka auna su, wani ɗan Bangaladash ne ya buga turakun. Biyun kuma kan falalen dutse suke, ko allura ba ta shiga, da fenti kawai muka yi alama. Babu ko ƙwayar gawayi a ƙarƙashinsu. Amma na ga yadda gumi ya tsatso masa a goshi alhali na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, na tuna mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Na ce, "Allah ya ja da ranka, tsufa ya fara kama ni. Sai na je wuri na tsaya a kansa nake tunawa."

Sannan ya ce yana da ɗan ofishin dillancin filaye a bayan shago, massahinsa yana bukatar mai sanda, kuma mutum mai amana irina bai kamata a bar shi yana yawo a gari yana hira da kowa ba. Kafin mako ya zagayo kafalata ta koma hannunsa.

Yau shekara uku ke nan. Iƙamata ba ta taɓa kaiwa saura wata biyu ba ya sabunta ta, albashina bai taɓa kwana ba, da azumi har kwalin dabino yake aiko min masaukina a Ulaisha. Babu kusurwar Riyadh da bai tura ni awo ba, gabas da yamma, ban da filayen nan huɗu. Ko hanyarsu aka biyo da ni a mota, sai ya bugo wa direba ya ce a sake titi. Ku da kuka ji wannan, ku sha shayinku ku riƙe bakinku, don da shirun nan nake ciyar da mutum shida.